Da Hannuna Na Shafe Shaidar Da Za Ta Wanke Ta

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure kuma kwana biyar kacal suka rage min. Ina gaishe ki da aiki. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, ni ba gwanar taƙaita magana ba ce. Ko a shagon da nake aiki maigidana kullum cewa yake idan na fara yi wa mai saye bayanin gilashi, sai mutum ya manta abin da ya kawo shi.

Aikina gyaran tabarau. Daga safe zuwa yamma ina zaune a bayan kanta, gabana tire cike da ƙananan ƙusoshi, da 'yar na'urar da ke hura zafi muna lanƙwasa hannun tabarau da ita. Shekarata talatin da huɗu. Aurena ya mutu shekara biyu da suka wuce, ban haihu ba, na dawo gidan yayana da matarsa na tare a ɗakin da ke kusa da kicin. Yaya gyaran firji yake yi, mutumin kirki ne, amma irin mutanen nan ne da idan suka yanke hukunci a kan abu sai dai ka yi shiru ka saurara. Watannin farko da na dawo ba na magana da kowa, daga aiki sai ɗaki. Wata ranar hutu ya karɓi wayata ya sa min wani wasa da yake yi, ya ce tunda na ƙi magana da mutanen gida, to in je in yi da na cikin waya.

Wasan na gina gari ne a bakin teku, mutane da yawa a lokaci guda, kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa da sana'ar da ya zaɓa. Namu zauren muna kai mutum ɗari biyu. Akwai mutum biyar da muke kira masu gadi, su ne suke karɓar ƙorafi, su raba faɗa, su kori wanda ya yi rashin ɗa'a. Mako-mako suke karɓa-karɓa, kuma ba a biyan su ko sisi. Yaya yana cikinsu, ya ɗauki abin da muhimmanci kamar alƙali. A cikin zauren akwai wani ɗaki na manya kaɗai da ake kira ɗakin labari, inda mutane suke shiga cikin rigar ɗan wasansu su riƙa rubuta labari tare, wannan ya rubuta layi biyu wancan ya ɗora. Dokar ɗakin guda ce kowa ya haddace ta. Duk wanda ya ji labari ya kai inda ba ya so, sai ya rubuta “na sauka”. Da zarar ya rubuta haka, abokin labarinsa dole ya tsaya, wanda ya ci gaba kuwa korarsa ake yi.

Ni tun ina makaranta nake son rubutu, amma ina jin nauyin in rubuta labari Yaya yana gani. Sai na buɗe suna na biyu ba tare da ya sani ba. Shi abin da ya sani ƙanwarsa tana can gefen gari tana noman kayan lambu da sunan 'Yar Auta. A ɗakin labari kuwa ni ce Mai Turare, mai ɗan shago a bakin tashar jiragen ruwa.

A nan na haɗu da wani mai kiran kansa Kyaftin. Ya iya rubutu, wannan ba zan hana shi ba. A labarin yakan dawo daga tafiya ya kawo wa Mai Turare itacen ƙamshi, ita kuma ta yi kamar ba ta damu ba. Mutane suna bibiyar labarinmu har ana tsokanarmu. Anti, ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Shekara biyu ba wanda ya ce min ina da kyau, ko da a ƙarya. Da ya ce mu koma saƙon sirri don 'yan kallo sun yi yawa, ban musa ba. A can na rubuta kalaman da ba batsa ba ne, amma ba zan iya karanta su a gaban Yaya ba ko da wuƙa a wuyana. Kuma bakina da ba ya rufuwa ya ja min. Na gaya masa ina gyaran tabarau, na gaya masa ina zaune gidan yayana mai gyaran firji wanda yake kiran kowane lalataccen firji “marar lafiya”, yana aiki yana rera waƙa da muryar da ke korar kyanwa. Duk yana nan a rubuce.

Bayan kamar wata biyu abin ya sauya. Ya fara jan labarin zuwa ɗakin kwana, yana rubuta abubuwan da ko yanzu ba zan iya maimaitawa ba. Na rubuta masa “na sauka”. Ya ba ni haƙuri, ya yi kwana biyu lafiya, ya dawo da wanda ya fi na farko, har da cewa in turo masa hotona na gaske. Na sake rubutawa. A karo na uku sai ya turo min dariya, wai wannan doka ta ɗakin labari ce, tsakaninsa da ni babu gadi. Na toshe shi, ya buɗe sabon suna. Na toshe wannan, ya buɗe wani. A wasan ana iya aika wa mutum kyauta da 'yar takarda a jiki, to sai ya koma aiko min furanni, kowace takarda da ƙazantar da ke cikinta. Ya kawo jirginsa ya girke a ƙofar shagon Mai Turare, duk sanda na shiga shi zan fara gani. Na kai idan wayata ta yi ƙara a aljihu sai in ƙi ciro ta. Wata rana ina ɗaure ƙusa sukurudireba ta zame ta karce gilashin wani dattijo, abin da ban taɓa yi ba a shekara tara. Maigidana kallona kawai ya yi, wannan kallon ya fi min faɗa ciwo.

Ranar na yanke shawarar kai ƙorafi. Na jira makon Yaya ya wuce, ya zama makon wata da ake kira Mai Fitila, wadda ban taɓa magana da ita ba. A lokacin hutun cin abincin rana na ɗauki hoton hirarmu kaf, hoto arba'in da wani abu. Da na zo turawa na ga kalamaina sai kunya ta rufe ni. Na bi kowane hoto na sa yatsa na shafe duk layin da ni na rubuta da baƙi, na bar nasa kaɗai. A tunanina na yi dabara. Ban lura ba sam cewa har da wuraren nan uku da na rubuta “na sauka” na shafe.

Ba a yi awa ɗaya ba ta nemi izini ta kira ni. Muryar dattijuwa ce, a natse. Ta ce min, 'yata, na ga maganarsa, ina taki? Na shige ɗakin ajiya na tsaya tsakanin kwalaye na fashe da kuka kamar yarinya. Ba ta katse ni ba. Da na lafa ta ce ita shekara talatin ta yi tana aikin jinya a ɗakin haihuwa, babu abin da kunnenta bai ji ba, babu kuma abin da zan nuna mata da zai sa ta daina ganin mutuncina. Ta ce amma ba za ta kori mutum a kan rabin magana ba. Na ce zan nuna mata da sharaɗin ba za ta ajiye ba, ba za ta gaya wa kowa ba, musamman sauran masu gadi. Ban gaya mata dalili ba a lokacin. Ta ce ta yi alkawari. Na ari wayar shago na kira ta ta bidiyo, na riƙe tawa wayar a gaban kyamara ina ja a hankali tana karantawa. A nan na fara ganin fuskarta, tana zaune a kujera kusa da taga, ƙafafunta a kan matashi, tabarau ɗinta ya karkace gefe guda, an ɗaure hannunsa da baƙin zare. Ko a cikin kukan sai da idona na mai gyara ya tsaya a kan zaren nan.

Ta karanta daga farko har ƙarshe, har wurin waƙar Yaya, na ga ta yi murmushi, na san ta gane ko ƙanwar wa ce ni. Ta ci gaba da karatunta. Wuraren nan uku kuwa da babbar murya ta ƙirga su, ɗaya, biyu, uku, sannan ta ce ya isa. Kafin in tashi daga aiki ta kori Kyaftin da duk sunayen da ya buɗe, ta tura rahotonsa ga kamfanin wasan, ta zauna ta koya min yadda zan rufe saƙon sirri da kyauta daga wanda ban sani ba. Ba ta yi min wa'azi ba, ba ta tambaye ni me ya kai ni ba. Tun daga ranar kullum da safe ina cikin motar zuwa aiki sai saƙonta ya shigo, tana tambaya ko na karya. Anti, uwata ta rasu ina da shekara goma sha shida, na manta daɗin a tambaye ka ko ka karya. Matar nan ta rufa min asiri, Allah ya rufa nata duniya da lahira. Wata guda na yi ina barci lafiya.

To ga inda matsalar ta taso. Kyaftin ya bi ta hannun abokansa ya ɗaukaka ƙara ga sauran masu gadin huɗu. Ya yanko kalamaina masu daɗi kaɗai ya tura musu, ya ce da yardata aka yi komai, ban taɓa cewa na sauka ba, dattijuwar ce kawai ta tsane shi. Da suka buɗe akwatin ƙorafi sai suka tarar da hotunana an shafe rabi da baƙi. Akwai dokar da ta ce ba a korar mutum sai da cikakkiyar hira wadda ba a taɓa ba, wadda duk su biyar za su iya gani, kuma Yaya ne ya rubuta dokar da hannunsa. Suka tambayi Mai Fitila, ta ce ta gani da idonta, ta yi alkawari, ba za ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Yanzu sun sa ranar Asabar. Idan shaida ba ta fito ba, Kyaftin zai dawo, ita kuma za a sauke ta daga gadi.

Shekaranjiya muna karin kumallo Yaya ya ɗauko zancen, bai san da wa yake magana ba. Ya ce yana ganin girman dattijuwar amma doka doka ce, zai jefa ƙuri'ar a sauke ta. Ya ce ita kuma wannan Mai Turare ya karanta abin da ta rubuta, mace mai kamun kai ba ta yin haka, ita ta buɗe ƙofa sannan ta dawo tana ihu. Ina zuba masa shayi har ya cika ya zube a tire ban sani ba. Ya ce wai barci nake ji.

Na kira Mai Fitila na gaya mata komai. Ta ce kada in damu, alkawari ta yi kuma ba yau ta fara riƙe sirrin mata ba, ita ta tsufa, dama hutu take nema. Amma na san ba haka ba ne. Ta taɓa gaya min tun da gwiwoyinta suka hana ta fita, 'ya'yanta kuma duk suna nesa, zauren nan ne kaɗai wurin da har yanzu ake ƙwanƙwasa mata ƙofa ana neman ta. Shekara huɗu tana gadi ba a taɓa kama ta da son kai ba, yanzu ana rubuta mata maganganu marasa daɗi a fili saboda ni.

Idan na tura cikakkiyar hirar, layi biyar Yaya zai karanta ya gane ni. Gidansa nake ci nake kwana, kuma ban san da wane ido zan kalle shi ba. Idan na yi shiru, matar da ta tsaya min za ta faɗi, mutumin nan kuma ya dawo ya girke jirginsa a ƙofar wata. Na yi tunanin in goge sunayena duka biyu in ɓace, na ga hakan ba zai wanke ta ba. Na yi tunanin in tura layukan nan uku kaɗai, amma za su ce yankowa na yi kamar yadda shi ya yi. Tun jiya nake rubuta wa Yaya saƙo ina gogewa. Anti, me zan yi? Ta yaya ake saka wa mutum irin wannan alheri?

Taki,
Mai Gyaran Tabarau

*

Ƙanwata Mai Gyaran Tabarau,

Wasiƙarki ta iso a kan lokaci, kuma na karanta ta har ƙarshe ban manta abin da ya kawo ni ba, ki gaya wa maigidanki. Zan fara da abin da yake ci miki rai, don idan ba a sauke shi ba sauran shawarar ba za ta shiga ba.

Ke baliga ce, kin shiga ɗakin manya, kin rubuta labari da wani baligi, daga baya kin rubuta kalaman da kike jin kunyarsu. Wannan tsakaninki ne da Ubangijinki da kuma zuciyarki, kuma na ga alamar kin riga kin yi wa kanki hisabi fiye da yadda kowa zai yi miki. Amma yardar da kika yi jiya ba ta zama lasisin yau ba. Kin ce kin sauka sau uku, kin toshe shi, ya sauya suna ya biyo ki. Daga wannan gaɓar laifin nasa ne shi kaɗai. Kin yi kuskure biyu, ki riƙe su don gaba. Kin ba baƙo bayanin aikinki da gidanku, sannan kin shafe maganarki daga shaida. Na biyun ya fi ba ni tausayi, domin a cikin duk hirar nan layukan da suka fi nuna mutuncinki su ne kika binne da baƙi tare da sauran.

Yanzu bari in yi adalci ga kowa. Dokar da yayanki ya rubuta doka ce mai kyau. Ba don irinta ba, duk wanda ya ji haushin wani sai ya yanko layi biyu ya sa a kore shi, kuma kin ga yadda Kyaftin ya yi da naki kalaman. Ko shi ma, duk da halinsa, yana da haƙƙin a duba ƙararsa. Mai Fitila kuma, da duk girman da nake ganin ta da shi, ta yi sakaci ɗaya na masu tausayi. Da ta nemi izininki ta kira mai gadi ta biyu ta gani tare da ita, da yau ba ita kaɗai take tsaye ba. Ke ma kina da haƙƙi, sirrinki naki ne, babu wanda ya isa ya tilasta miki buɗe shi, ita kanta ba ta nema ba.

Duk da haka shawarata ita ce ki buɗe. Ita ba za ta taɓa roƙon ki ba, kin ji da kunnenki har ƙaryar hutu ta yi miki don hankalinki ya kwanta. Alkawarin da ta ɗauka ke kika ɗora mata, ke kaɗai za ki iya sauke mata shi. Kuma ki yi tunanin yadda safiyarki za ta kasance bayan Asabar idan kin yi shiru. Saƙonta zai ci gaba da shigowa tana tambaya ko kin karya, ke kuma kin san abin da kika bari aka yi mata. Ban ga alamar ke mai iya haɗiye wannan ba ce.

Ga yadda za ki yi. Kada Yaya ya fara sani daga akwatin ƙorafi, kuma ki daina rubuta masa saƙo kina gogewa, wannan magana ce ta baki da baki. Gobe ki same shi shi kaɗai, a wurin aikinsa ma ya fi, inda hannunsa yake cikin firji ba sai ya kalle ki ba. Ki fara da jimla ɗaya, ki ce masa ke ce Mai Turare. Kada ki yi dogon bayanin da kika saba. Ki gaya masa kin rubuta abin da ba kya alfahari da shi, kin ce kin sauka sau uku, mutumin ya yi makonni yana bin ki, kuma dattijuwar da zai jefa wa ƙuri'a ita ce ta cece ki a lokacin da kika kasa zuwa wurinsa. Zai ji zafi, wataƙila ya yi faɗa, wataƙila ya yi kwana biyu ba ya cin abinci tare da ke. Ba zan yi miki alkawarin zai rungumi maganar nan take ba. Amma ki tuna maganar da ya yi a kan shayi game da baƙuwa ya yi ta, wadda rabin labarinta kawai ya gani. Mutumin da ya lura ƙanwarsa ta daina magana har ya karɓi wayarta ya nema mata abokan hira, ba na jin zai juya mata baya a kan wannan. Idan kina shakkar yadda zai karɓa, ki fara sanar da matarsa ta kasance kusa.

Bayan haka ki roƙe shi ya janye daga zaman ranar Asabar. Mai son doka irinsa ya san alƙali ba ya zama a shari'ar ƙanwarsa, ta haka kuma ba sai ya karanta layi-layi ba. Ki rubuta wa ragowar masu gadin cewa kin yarda su ga cikakkiyar hirar, ba gyara ba shafewa, da sharaɗin ba za a kwafa ba, ba za a kai ta cikin zaure ba, kuma idan da mace a cikinsu ita ta fara karantawa. Ki ajiye kwafin komai a wurinki, har da takardun furannin da sunayen da ya riƙa buɗewa. Ki sake tura wa kamfanin wasan rahoto da kanki, wannan karon cikakke. Idan kuma ya yi barazanar yaɗa kalamanki, ko ya nuna yana neman shagonku, to abin ya wuce wasa, ki kai wa hukuma tare da yayanki, ki kuma sanar da maigidanki don ya yi hattara.

Idan ƙura ta lafa, ki ba zaurenku shawara guda. Su samar da hanyar da mai ƙorafi zai zaɓi masu gadi biyu da za su ga hirarsa a asirce, shaidarsu ta wadatar. Su kuma rubuta a fili cewa “na sauka” tana aiki a saƙon sirri kamar yadda take aiki a ɗakin labari, kuma ba a hukunta mai ƙorafi a kan abin da ya rubuta kafin ya sauka. Ina tabbatar miki a cikin mutum ɗari biyun nan akwai wata da ta ɗauki hotuna irin naki, ta ga kalamanta, ta goge komai ta haƙura.

Kin tambaye ni yadda ake saka irin wannan alheri. Ba a iya biyan sa, kuma ba ta yi don a biya ba. Abin da ke hannunki shi ne ranar Asabar ta buɗe wayarta ta tarar ba ita kaɗai ce ta ga abin da ta gani ba. Idan kin gama wannan, ki nemi adireshinta da lambar gilashinta, ki zaɓo firam ɗin tabarau mai sauƙi wanda ba ya danne hanci, ki ɗaure ƙusoshinsa da hannunki. Da tabarau ɗaure da zare ta karanta hirarki kaf ba ta ga abin da zai rage miki daraja ba, ya kamata ta huta da zaren nan.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya gobe, ya sanyaya zuciyar yayanki, ya ba Mai Fitila lafiyar gwiwa da tsawon kwana a bakin gadinta. Ki karya kafin ki fita, don ki samu amsar da za ki ba ta.

Antinki